Taura biyu ko tuwo da miya? Amsa ga ɗalibar kemistiri mai son ilimin duwatsu

Wata ɗaliba ta rubuto mana daga Gusau, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Baba. Ina karanta kemistiri a jami'a, yanzu zan shiga aji biyu, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina, 3.62. Tun ina ƙarama nake jin labarin yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin akwai dangin mahaifiyata a can. A zangon da ya wuce na bi wata ƙawata lakcar jiyoloji, wato ilimin duwatsu, sau uku, tun daga nan abin ya ƙi barin zuciyata. Ina so in riƙa ɗaukar kwasa-kwasansu a matsayin darasi na biyu, kemistiri yana nan a matsayin babba. Kodinetan ajinmu ya ce zan zubar da makina a banza. Yayana, wanda shi ke biya mini kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifinmu, ya ce taura biyu ba ta taunuwa, ko dai in koma jiyoloji gaba ɗaya tunda can ne kuɗin mai da zinare suke, ko in bar shi. Mama kuwa da ta ji ana fita daji da maza kwana da kwanaki, ta ce ba da yawunta ba. Baba, rabin ilimi zai amfane ni, ko wahala kawai zan saya wa kaina?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya yi wa yayanki albarka da ya ɗauki wannan nauyi.

Ba zan ja miki rai ba. Ki ɗauki jiyolojin, ki kuma zauna daram a kemistirinki. Sai dai akwai yadda ake ɗaukarsa ya zama jari, akwai yadda ake ɗaukarsa ya zama kaya a ka, kuma mutanen nan uku da suka yi miki magana kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya. Kada ki dube su a matsayin masu tare miki hanya.

Bari in fara da abin da ya kawo ki, wato yaran nan. Na shafe shekaru ina aikin neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ina bin masu haƙa rijiyar burtsatse ƙauye-ƙauye, kuma babu abin da ya nuna mini yadda kemistiri da duwatsu suke a ɗaure da juna kamar musibar 2010. Kin ji ta daga bakin dangi, to bari ki ji ta daga bakin dutse. Zinaren yankin Anka yana zaune ne cikin jijiyoyin farin dutsen nan mai tauri, ƙanƙara, wanda a aji za ki ji ana ce masa kwatz, jijiyoyin da suka ratsa tsofaffin duwatsun yankin. A wasu ramukan, jijiyar da ta ɗauko zinare ta ɗauko dalma mai yawa tare da shi. Uwar ma'adinin dalma ita ce galina, dutse mai nauyi, ruwan toka, mai ƙyalli, da ke farfashewa ƙanana-ƙanana masu kusurwa kamar sukarin kwali. Kin ma san shi, domin shi ne dutsen kwallin da iyayenmu mata ke niƙawa. Dalma ce haɗe da farar wuta. Amma in dutsen ya daɗe kusa da saman ƙasa, ruwa da iska suna cinsa shekara da shekaru, galinar takan rikiɗe ta koma wasu ma'adinai, cikinsu har da kabonet ɗin dalma, shi kuwa da ya isa tumbin yaro ya tarar da ruwan asid sai ya narke ya bi jini.

To, aka kwaso wannan dutse aka shigo da shi gari. Aka niƙa a injin niƙan hatsi, aka daka a turmi, aka shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A Dareta da Yargalma da Abare da Bagega da wasu ƙauyuka, yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF suka yi ta ba yaran maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kai nesa aka binne, aka zuba sabuwa. Bagega ma sai 2013 aka samu yi mata wannan aiki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Yanzu dubi yadda tambayoyin suka rabu. Me ya sa wannan rami ke da dalma, na can gefe ba shi da ita? Wannan ta mai ilimin duwatsu ce. Nawa ce dalmar a ƙasar tsakar gida, kuma wace iri ce, mai narkewa a ciki ko mai wucewa? Wannan taki ce, ta mai kemistiri. Duk wanda ya iya amsa guda ɗaya kaɗai, kullum yana zaman jiran ɗan'uwansa. Ke kuma abin da kike nema shi ne ki tsaya a mahaɗar. Wurin nan ba shi da cunkoso, kuma mutanenmu suna da buƙatar mai tsayawa a cikinsa.

Na taɓa kai ruwan wata rijiya ɗakin gwaji, ruwan da ke ɓata fararen kaya, yana barin ja a gindin bokiti, har mata sun daina wanki da shi. Sakamako ya fito wai ƙarfen da ke ciki kaɗan ne. Yaron da ya yi gwajin ya iya na'urarsa, babu kuskure a lissafinsa. Kuskuren ɗiba namu ne: a gorar lemo muka ɗebo ruwan, ya kwana uku a mota, ba a ɗiga masa asid ba, ƙarfen ya haɗu da iska ya kwanta a gindin gora, shi kuma ya tsiyayi na sama ya auna. Da ya san irin ƙasar da rijiyar ta ratsa, ya san cewa ruwan da ya fito daga wurin da iska ba ta kaiwa yakan ɗauko ƙarfe a narke, da lambar nan ta tsayar da shi, da ya kira mu ya tambaya. Haka zancen haƙoran yara da ke dafewa su yi ja a wuraren Langtang da Kaltungo: fulorayid ne da ya wuce kima a ruwan sha, kuma daga duwatsun wurin yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 1.5 a lita, ta dalma kuma 0.01. Kowane ɗalibin kemistiri zai iya haddace waɗannan lambobi. Wanda ya san duwatsu shi ne zai ce, tun kafin a kafa injin haƙa, "Wannan gari a gwada ruwansa kafin a buɗe wa jama'a famfo."

Sai mu zo kan yayanki. Akwai gaskiyar da ya kamata ki ji daga bakina tun yau, kada ki ji ta ranar da kika je neman aiki. A jami'o'in Amurka darasi na biyu abu ne tsararre, ana lissafa kwasa-kwasansa, ana shaida wa ɗalibi cewa ya kammala shi. A yawancin jami'o'in Najeriya ba haka tsarin yake ba. Kwalinki zai fito da kalma ɗaya, kemistiri. Kwasa-kwasan jiyolojin da kika ɗauka za su bayyana ne kawai a takardar sakamako ta dalla-dalla, wadda ɗalibai ke ce wa tiranskirif. Akwai kuma hukumar COMEG, da aka kafa da dokar 1990, mai yi wa masana duwatsu da injiniyoyin ma'adinai rajista. Kwas huɗu ko biyar ba za su mai da ki masaniyar duwatsu mai rajista ba, kuma kada ki yarda wani ya sa ki sa hannu a rahoton ma'adinai ko na wurin haƙa rijiya da sunan kin taɓa shiga ajin. In wannan yayanki ke nufi da rabin ilimi, ya yi gaskiya.

Inda na saɓa masa shi ne batun komawa gaba ɗaya don kuɗin mai da zinare. An ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamban 2022, amma tsakanin bikin ƙaddamarwa da takardar ɗaukar aiki akwai tafiya mai nisa, kuma kamfanonin mai kaɗan suke ɗauka, su ma daga cikin waɗanda suka fi kowa maki. Da yawa daga cikin masu digirin jiyolojin da na yi aiki da su, rijiya suke haƙawa, ko suna wurin fasa dutse, ko suna koyarwa. Sana'o'i ne masu albarka, amma ba su ne yayanki ke hangowa ba. Zinare kuwa, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya na gwamnatin tarayya ne a doka, kuma dokar ma'adinai ta 2007 lasisi ta sani. Kuɗin yana wurin mai lasisi da mai saye. Ƙari a kan haka, canjin sashe yakan iya cin shekara guda, kuma aljihunsa ne zai biya shekarar.

Kemistiri ƙofofinsa suna da faɗi: hukumomin ruwa, NAFDAC, masana'antu, koyarwa. In kika ɗora masa sanin duwatsu, sai wasu ƙofofin su ƙaru. Kamfanonin siminti na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe kullum cikin auna farin dutsen da suke fasawa suke, domin ingancin siminti daga nan yake farawa. Hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Najeriya, wadda asalinta ya koma 1919, tana da ɗakunan gwaji a Kaduna. Cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa tana Mando, a Kadunan. Cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana auna sinadaran da ke cikin ƙasa da dutse. Bayan digiri kuma, in son ya ci gaba da ƙaruwa, akwai babbar difloma a jiyoloji, akwai digiri na biyu a jiyokemistiri, wato kemistirin duwatsu da ƙasa, ko kemistirin muhalli, kuma a nan ne kwasa-kwasan da kika tara a tiranskirif za su yi miki magana.

Don haka ki je wurin yayanki da ladabi, da takarda a hannu. Ki rubuta masa kwasa-kwasan da za ki ɗauka, da zangon da za ki ɗauki kowanne, da abin da zai ƙaru a kuɗi, da tabbacin cewa ba za ki ƙara ko wata ɗaya a makaranta ba. Ki ce masa, "Yaya, gaskiya ne taura biyu ba ta taunuwa, amma wannan tuwo ne da miya." Mutumin da ke biya yana da haƙƙin ya ga lissafi, kuma na lura masu ɗaukar nauyi sukan sauko in suka ga an girmama guminsu.

Kodinetanku shi ma ba don ƙeta ya faɗa ba. Ya ga ɗalibai da yawa sun ɗauki kwas a wani sashe don sha'awa, sun dawo da kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi sai an maimaita. Bari mu yi lissafin tare. Ɗauka cewa kin yi yunit 36 a aji ɗaya. Maki 3.62 sau 36 ya ba ki kusan 130. In kika ɗora kwas mai yunit 3, muka ajiye sauran kwasa-kwasan gefe, ga abin da zai faru: A za ta ɗaga ki zuwa wajen 3.73, B ta bar ki a 3.65, C ta sauke ki zuwa 3.57, F kuwa ta jefa ki 3.34. A ma'aunin maki 5, iyakar mataki na biyu babba a sakamakon digiri ita ce 3.50. Kin ga ke nan tsakaninki da bakin rami taku ɗaya ne. C ɗaya ba za ta kashe ki ba, amma F ɗaya za ta sa ki shekara kina rarrafowa, kuma wannan mataki shi ne ake fara dubawa wajen tallafin karatu da gurbin digiri na biyu.

Abin da zan ce ki yi: kwas ɗaya a zango, ba ƙari. Kafin ki yi rajista ki ɗauko jadawalin sassan biyu ki ɗora ɗaya kan ɗaya, domin aikin ɗakin gwajin kemistiri yana cin la'asar gaba ɗaya, kuma jiyoloji ma da nasa. In suka ci karo, kemistiri ne gaba, ko da zuciyarki ta so akasin haka. Ki tambayi jami'in jarrabawa na sashenku, tun kafin a rufe rajista, ko kwas ɗin yana cikin na zaɓi da aka yarda muku, kuma ko bai sa ki wuce iyakar yunit na zango ba. Na ga ɗalibin da ya yi karatu zango guda, ya rubuta jarrabawa ya ci, aka ce ba a lissafa masa. Sannan akwai wata hanya da ɗalibai ke mantawa da ita: ki nemi izinin malami ki riƙa zama a ajinsa ba tare da rajista ba. Kwas ɗin da kika ga yana da nauyi, ki shiga ta wannan ƙofa. Iliminki ya ƙaru, makinki ba a taɓa shi ba.

Tsarin ɗauka ma yana da muhimmanci, domin jiyoloji gini ne mai hawa-hawa. Ki fara da kwas ɗin share fage, wanda ke koyar da rabe-raben duwatsu uku, na wuta da na kwanciya da rikiɗaɗɗu, da yadda ruwa da iska ke cin ƙasa. Daga nan sai ilimin ma'adinai da siffofin ƙwayoyinsu, kuma a nan ne za ki fi 'yan sashen sakewa, tunda ma'adini sinadari ne da Allah Ya dafa a cikin ƙasa, kuma yadda ƙwayoyin zarra ke jeruwa kin riga kin fara karantawa. Sai ilimin nau'o'in duwatsu, sai jiyokemistiri, sai ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Biyar ke nan, sun ishe ki har ki gama. Ilimin man fetur da na burbushin halittu ki bar wa masu shi, ko ki zauna a ajin don sha'awa. Kada kuma ki yi tsalle ki faɗa jiyokemistiri don kin ga sunan kemistiri a ciki. Malamin zai ɗauka kowa a ajin ya san bambancin giranit da basal da ido.

Ki shirya wa abu ɗaya da zai ba ki mamaki. Jarrabawar aikin hannu a jiyoloji ba ta karɓar hadda. Za a jera duwatsu a kan tebur, a ba ki minti ɗaya ko biyu a kan kowanne, ki faɗi sunansa da dalilinki. Wannan sai da yawan taɓawa. Za ki koyi karta dutse da farce da wuƙa don sanin taurinsa: farce yana wajen 2.5 a ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 10, wuƙa wajen 5.5, ƙanƙara 7, lu'ulu'un daiman 10. Za ki ɗiga asid mai rauni a kan farin dutsen siminti ki ga yana kumfa. Za ki leƙa yankan dutsen da aka goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03 haske yana ratsa shi, ki ga launukan da ba ki taɓa zaton suna cikin baƙin dutse ba. Ki yi abota da ma'aikacin da ke riƙe da makullin ɗakin duwatsu, ki gaishe shi da girmamawa, ki roƙi awa ɗaya a mako ki zauna da akwatunan. Wannan awa ta fi miki kwana uku na karatun dare.

Yanzu Mama. Na bar ta a ƙarshe ne don maganarta ta fi nauyi, kuma ita ce ba za a ci da lissafi ba. Uwa 'yar Zamfara da ta ji kalmar daji a wannan zamani ta ce a'a, ba duhun kai ba ne. Ta san abin da take tsoro, ni ma na sani. Ba zan taɓa ce miki ki fita ba da izininta ba, kuma ina gargaɗinki da babbar murya: kada sha'awar nan ta kai ki ramin haƙar zinare ke kaɗai, ko da rakiyar wani ɗan'uwa, wai ɗebo samfuri. Babu furojet ɗin da ya kai ranki.

Amma kuma ba zan ɓoye miki ba, jiyolojin da ba a taka ƙasa ba ragagge ne. Taswirar duwatsu ba ta buɗe wa mutum sai ya tsaya a kan fa da guduma da kamfas, ya ga yadda shimfiɗa ta karkata, ya bi jijiya da ƙafa har inda ta ɓace. Sauƙin da kike da shi shi ne, doguwar fitar nan ta mako biyu ko uku ta zana taswira yawanci wajibi ce a kan 'yan sashen kaɗai, ke ba ta hau kanki ba. Abin da kike buƙata shi ne fitar wuni ɗaya, a tafi da safe a dawo kafin magariba, kuma irin wannan sau da yawa ko gari ba a bari. Wanda ke Zariya yana da Kufena a bayansa. Wanda ke Kano yana da Dala da Goron Dutse a tsakiyar birni, masu hular marmara a ka, ga tarihin narka tama a gindin Dala. Wurin fasa dutse ma aji ne, haka yankan hanya inda katafila ta tsaga tudu.

Ga yadda za ki bi da Mama. Kada ki fara da gardama. Ki bari sai fitar ta taso, ki samo bayaninta cikakke: ina za a je, wace mota, malamai nawa, mata nawa, ƙarfe nawa za a dawo. Ki nemi malama mace a sashen, ko ɗaliba babba 'yar aji huɗu mai kamun kai, ki roƙe ta ta gaisa da Mama a waya. Uwa takan ji maganar mace 'yar'uwarta fiye da takarda mai hatimi. Ki nuna mata shigar da za ki yi: hijabinki yana nan, da dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga, da takalmi mai rufi, da malafa. Na yi aiki a daji da mata masu wannan shiga, sun riƙe mutuncinsu, sun kuma riƙe guduma. Sannan ki gaya mata dalilinki na gaskiya, wanda kika gaya mini. Danginta ne abin ya shafa. Ki ce mata kina so ki zama mai iya duba ƙasar tsakar gida da ruwan rijiya ta ce wannan akwai guba, a ɗauke yara. In duk da haka ta ce a'a a wannan karo, ki haƙura, ki ci gaba da aji da ɗakin duwatsu, ki sake tambaya baɗi. Iyaye sukan sassauta in suka ga abin ba zafin kwana biyu ba ne.

Kafin nan ma akwai fitar da babu mai hana ki. Duk ranar da tafiya ta kama ki daga Gusau zuwa Sakkwato, ki zauna ta taga. Wajen Gusau ƙasar tsofaffin duwatsu ce, irin su Kwatarkwashi, giranit ɗin da ya daskare a cikin ƙasa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya zama sai a cikin tsaga da ruɓaɓɓen dutse, shi ya sa za a haƙa bohol a gidan nan a samu ruwa, a haƙa a gidan maƙwabci a tashi da ƙura. Bayan kin wuce Talata Mafara kina dosar Tureta, sai ki ga manyan duwatsun sun ɓace, ƙasa ta kwanta, yashi da tsakuwa sun karɓe. Kin shiga kwarin Sakkwato ke nan, inda ruwa ke zama a cikin yashi shimfiɗa-shimfiɗa. Can gaba teku ta taɓa rufe wurin. Farin dutsen Kalambaina ragowar halittun ruwa ne, kuma a yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da masana suka raɗa wa sunan garin. Duk wannan a tafiyar da kika saba yi kina barci.

Abu na ƙarshe da nake so ki sa a ranki tun yanzu shi ne furojet ɗinki na aji huɗu, domin shi ne zai ɗaure darussan biyu ya mai da su abu ɗaya da za ki iya ajiyewa a gaban mai ɗaukar aiki. Ki nemi maudu'in da ƙafarsa ɗaya ke kemistiri, ɗaya ke duwatsu, kuma wanda za a iya yi cikin gari lafiya. Misali, ki auna ruwan rijiyoyin unguwanni biyu masu ƙasa daban-daban, ko ki saye kwallin da ake sayarwa a kasuwa iri-iri ki auna dalmar da ke ciki, tunda har yau ana ranbaɗa wa jarirai shi. Babban mai duba aikinki zai fito daga kemistiri, amma ki roƙa a haɗa ki da malamin jiyoloji ko da a matsayin mai ba da shawara. Lokacin SIWES kuma, wato zangon da ɗalibai ke fita koyon aiki a ma'aikatu, ki nemi wurin da ake auna ruwa ko ƙasa ko ma'adinai, ki koyi yadda ake ɗibar samfuri da adana shi da hannunki, kada abin da ya same mu da gorar lemo ya same ki. In kin samu kwamfuta, manhajar QGIS kyauta ce, ki fara koyon ɗora sakamakon gwaji a kan taswira.

Wannan makon ki je sashen jiyoloji ki karɓo jerin kwasa-kwasansu na aji biyu da jadawalinsu, ki zauna da kodinetanku ku duba kwas ɗin share fagen, shi kaɗai. In sakamakon zango ya fito, ki rubuto mini abin da kika samu a cikinsa da abin da kika samu a kemistiri, sai mu duba ko za a ƙara na biyu. Ki gaishe mini da Mama da yayanki.